Rosalía de Castro: mai kuka ce ko mai faɗa?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu zauna kan Rosalía de Castro, marubuciyar yankin Galisiya da ke arewa maso yammacin Sifaniya. An haife ta a Santiago de Compostela a watan Fabrairu 1837, ta rasu a Padrón ranar 15 ga Yuli 1885 tana da shekara 48. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake gabatar da ita. Duk inda aka ambace ta sai a ce mai yawan kuka ce, mai kewar gida, mai waƙar ƙoramu da ƙararrawar coci. Ni a ganina an rage mata tsawo. Wanda ya karanta manyan littattafanta uku na waƙa, Cantares gallegos na 1863, Follas novas na 1880 da En las orillas del Sar na 1884, ya haɗa da ƙagaggun labaranta biyar, zai tarar da mace mai fushi, kuma fushin mai lissafi ne. Waƙar da ta buɗe Follas novas da ita ma ta isa shaida: ta ce matan da ke waƙar kurciyoyi da furanni su ake cewa suna da ruhin mace, to ita da ba ta waƙe su ba, ruhin me gare ta?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam Malama. Na yarda an rage ta, amma kada mu gyara ɓarna da ɓarna. Baƙin cikin nan ba ƙirƙirarsa aka yi ba. A takardar baftismarta ta 24 ga Fabrairu 1837 an rubuta cewa ba a san iyayenta ba, alhali an san su. Uwarta María Teresa de Castro 'yar gidan asali ce da arziki ya ja baya, ubanta José Martínez Viojo kuwa limamin coci ne, wanda doka ta hana shi aure balle ya amsa ɗa. 'Yan'uwan uban ne mata suka fara rainonta a ƙauyen Ortoño kafin ta koma hannun uwarta. Ta auri Manuel Murguía a Madrid ranar 10 ga Oktoba 1858, ta haifi 'ya'ya bakwai. Adriano ya faɗo ya rasu a 1876 bai kai shekara biyu ba, Valentina ta zo babu rai a 1877. Ga rashin kuɗi, ga yawan ƙaura saboda aikin miji, ga ciwon dajin mahaifa da ya yi ajalinta. Wadda ta sha wannan idan ta yi kuka ai ba abin a ɓoye ba ne.

Malama Hadiza:
Ba na musun ko ɗaya Malam. Inda nake ja shi ne a mayar da tarihin rayuwarta mabuɗin kowace waƙa. Mafi yawan "ni" da ke magana a Cantares ba ita ba ce. Wani wuri saurayi ne zai hau jirgin ruwa, wani wuri budurwa ce da aka yaudara, wani wuri mai bushe-bushe ne. Mai karatu ya fara tambayar wa ke magana kafin ya tambayi me ya sami marubuciya.

Dakta Lawal:
Wannan gaɓar tana buƙatar a san yadda aka gina Cantares, domin akwai tsari. Da farko takan ɗauko ɗan baitin gargajiya da manoma ke rerawa, galibi ɗango huɗu, kowanne gaɓa takwas. Sai ta zaɓi bakin da zai dace da shi, ta ba shi labari. Daga nan ta shimfiɗa waƙarta a kan karin baitin, ta ajiye shi a farko ko a ƙarshe, wani lokaci ta warwatsa ɗangwayensa cikin nata. Wanda ya san tahamisi, inda sha'iri ke ɗora ɗango uku a kan biyun wani, zai gane dabarar nan take, sai dai ita ba ta ɗaure kanta da adadi ba, kuma abin da take ɗorawa a kai na jama'a ne, ba shi da mai shi.

Ga misali daga waƙar bankwana da kowa ya sani. "Adiós ríos, adiós fontes" gaɓa takwas ce: a-diós-rí-os-a-diós-fon-tes. Amsa-amon yana ɗango na biyu da na huɗu kaɗai, kalmomin su ne "pequenos" da "veremos". Ku lura baƙaƙen ba su dace ba, wasulan e da o ne suka dace tun daga gaɓar da aka danna. Nan masu fassara ke fara tuntuɓe. Suna neman amsa-amo irin namu, wanda gaɓar ƙarshe ke maimaituwa, idan ba su gani ba sai su ce waƙar sakakkiya ce. Ba sakakkiya ba ce. Kuma wannan baitin na farko ba nata ba ne, na gargajiya ne. Nata yana farawa bayansa, inda mai tafiyar ke lissafa gonarsa da itacen ɓauren da ya dasa da kabarin ubansa, har ya ce talaka ba shi da ko ƙasar da aka haife shi a kanta, komai aro ne.

Nura:
Dakta, wannan maganar aron ƙasa adon magana ce ko tana da tushe?

Dakta Lawal:
Tana da tushe ƙwarai. A Galisiya ta lokacin akwai tsarin da ake kira foro. Ƙasa mallakar gidajen ibada ce da manyan gidaje, manomi yana riƙe da ita na dogon lokaci yana biyan galla duk shekara, yawanci da hatsi, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Sau da yawa akwai ɗan tsakiya da ya karɓa daga mai ƙasa ya sake bayarwa da riba. Gado kuma ya yanyanka gonakin sun zama 'yan filaye. A 1853 ruwa ya yi yawa, amfanin gona ya lalace, aka yi yunwar da har yau ake tunawa, mayunwata suka cika Santiago lokacin tana 'yar shekara 16. Mafita biyu ce ta rage wa namiji. Ko ya tafi ci-rani Kastiya, a tsakiyar Sifaniya, yankan alkama da lauje a tsakiyar zafi, ko ya haye teku zuwa Kuba ko Ajantina. Waƙarta "Castellanos de Castilla" a bakin macen da masoyinta ya je wannan ci-ranin ya dawo ya mutu take, kuma zagi ne tsagwaronsa ga masu ɗaukar aikin.

Hajiya Rabi:
Na gode Dakta da ka kawo mu nan. Follas novas kashi biyar ne: Vaguedás, Do íntimo, Varia, Da terra, sai na ƙarshe As viúvas dos vivos e as viúvas dos mortos. Masu tsamo waƙoƙi don littafin makaranta kashi biyun farko suke wawura, shi ya sa hoton mai kuka ya kafu. Ku je kashi na biyar. Waƙar tafiya Habana, babban birnin Kuba, da lissafi ta fara kamar takardar gwanjo: an sayar masa da shanun noma, an sayar da saniya, da tukunyar miya, da bargon gado, da amalanke, da 'yan gonakin, an bar shi da tufafin jikinsa. Babu kalmar tausayi ko ɗaya a wurin, kayan kawai ta jera.

Sannan ga "A xustiza pola man". Mace ce da masu sunan mutunci a gari suka ɓata, suka raba ta da muhalli, 'ya'yanta suka mutu da yunwa. Ta kai ƙara alƙalai suka yi mata dariya. Ta ɗauki lauje ta sami waɗanda suka ɓata ta suna barci, sara ɗaya, ta zauna gefen gawarwakin tana jiran asuba. Ta rufe da cewa an yi adalci sau biyu, ita a kansu, doka kuma a kan hannun da ya sare su. Tun daga farko har ƙarshe amsa-amo guda ne, wasulan i da a, kamar bugun guduma. A 1880 mace ta buga wannan da sunanta.

Wani abin lura, kamfanin La Propaganda Literaria na Habana ne ya ɗauki nauyin littafin, kuma ta sadaukar da shi ga ƙungiyar taimakon 'yan Galisiya mazauna can. Wato waɗanda suka bar matan nan a gida su ne kasuwar littafin.

Ummi:
Hajiya, yaya za a faɗi sunan kashi na biyar ɗin da Hausa? Na ga kamar "zawarawan rayayyu da zawarawan matattu" ya yi.

Hajiya Rabi:
Bai yi ba 'yata, ga dalili. Bazawara a wurinmu ta fita daga igiyar aure, gobe ma tana iya yin wani. Waɗannan matan kuwa Katolika ne, babu saki. Miji ya tafi Kuba shekara goma, ashirin, wata ko wasiƙa ba ta samu, amma tana ɗaure, ita ce noma, ita ce biyan galla, ita ce kula da tsofaffi. Kalmar da ta fi kusa ita ce takaba. "Masu takabar rayayyu da masu takabar matattu." Nauyin yana nan, domin takaba tana da ranar fita, tasu ba ta da ita.

Malam Bashir:
Tunda an shiga fassara, waƙarta "Negra sombra" fa? Ai kai tsaye "baƙar inuwa" ce.

Dakta Lawal:
Kai tsaye haka ne Malam, amma akwai rami biyu. Na farko, Galisiya ƙasar ruwan sama da hazo ce, inuwa a can sanyi ce da duhu. A wurinmu inuwa ni'ima ce, har mukan ce muna ƙarƙashin inuwar wane. Baƙar inuwa a kunnen Bahaushe majiɓinci ne da ya zama cuta, wanda ake cewa gwamma rana da shi. Mai karatu zai ɗauka da wani mutum take, miji ko dangi. Alhali a waƙar abin ba shi da suna. Ta ce duk sanda ta ɗauka ya tafi sai ya dawo gefen matashinta yana mata ba'a, yana cikin rana, yana cikin tauraro, yana cikin iska, in an yi waƙa shi ne ke yi, in an yi kuka shi ne ke yi. Rami na biyu shi ne kalmar "asombras" da ta biyo "sombra". A Sifaniyancin yau tana nufin ba da mamaki, shi ya sa wasu ke fassara ta haka. A nan ma'anarta lulluɓewa da firgitarwa, irin ta fatalwa. Ni zan bar "baƙar inuwa" saboda daɗin faɗi, amma aikatau ɗin da zai biyo ya zama "mai bibiyata" ko "mai lulluɓe ni", don a kau da tunanin majiɓinci. Yawancin mutane ma ta bakin mawaƙa suka san ta, da kiɗan da Xoán Montes ya sa mata aka fara rerawa a Habana a 1892.

Nura:
Tambayar da ta fi damuna ita ce ta harshe. Ana kiranta uwar farfaɗo da Galisiyanci, amma littattafai biyu kacal ta yi da shi. Labaranta duka da Sifaniyanci ne, littafinta na ƙarshe ma haka. Wannan ba gudu ba ne?

Malama Hadiza:
Sai ka duba abin da ta tarar, Nura. A ƙarni na 13 Galisiyanci harshen waƙar fada ne, har Sarki Alfonso na Goma na Kastiya da shi aka yi waƙoƙinsa na yabon Maryamu. Daga ƙarni na 16 zuwa na 18 ya kusan ɓacewa daga takarda, ya zama na manomi da masunci, kotu da makaranta da coci duk Sifaniyanci. Tsofaffin kundayen waƙar kuwa suna kulle a ɗakunan ajiya, na Batikan, fadar Paparoma, sai 1875 aka buga shi. Saboda haka a 1863 ba ta da abin koyi sai kunnenta. Ita da kanta ta faɗa a gabatarwar Cantares cewa ba ta da nahawu ba ta da ƙa'ida. Nahawun farko na Francisco Mirás a 1864 ya fito, na Saco e Arce a 1868. Shi ya sa za ka ga kalma guda ta rubuta ta iri biyu ko uku, ga kalmomin Sifaniyanci da suka shige bakin mutane, ga lafazin yankin Padrón. Akwai littafin Xoán Manuel Pintos na 1853 kafin nata, amma nata ne ya nuna harshen zai ɗauki cikakken littafin adabi. Saboda kwanan watan da ke kan sadaukarwarsa, 17 ga Mayu 1863, aka mayar da ranar ta bikin adabin Galisiya tun 1963.

Malam Bashir:
Duk da haka Nura yana da hujja. A 1881 ta buga maƙala a jaridar El Imparcial ta Madrid kan al'adun Galisiya, ta ambaci wata tsohuwar al'ada a wasu ƙauyukan bakin teku ta karɓar baƙon matuƙin jirgi da ya daɗe a ruwa, har a bar shi ya kwana da mace a gidan. Jaridun yankin suka yi mata ca, suka ce ta zubar musu da mutunci. A wasiƙarta ga mijinta ta 26 ga Yuli 1881 daga Lestrove ta ce ko riyal dubu uku na kuɗin Sifaniya na lokacin, ko shida, ko tara za a ba ta, ba za ta sake rubutu da harshen ba. Kuma ta cika. Wannan fushi ne da mutanenta, ba wani abu ba.

Malama Hadiza:
Wasiƙar gaskiya ce, amma jerin shekarun bai goyi bayanka duka ba Malam. Shekara guda kafin rigimar, a gabatarwar Follas novas, ta riga ta rubuta cewa ta biya bashin da take jin ƙasarta na bin ta, kuma da wuya ta ƙara yin waƙa da harshen uwa. To shawarar ta girmi faɗan. Faɗan ƙulle ƙofar ya yi. Kuma barin harshe bai zama barin ƙasa ba. Sar ɗin da ke sunan littafin ƙarshe kogin da ya ratsa Santiago da Padrón ne, a ciki kuma akwai "Los robles", kuka da zargi kan sare dazuzzukan Galisiya.

Ummi:
Wannan ya tuna mini da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, shekara guda bayan Cantares. Ita ma tana zaɓar Larabci ko Fulatanci ko Hausa gwargwadon wanda take so ya ji.

Dakta Lawal:
Kamancen yana nan a zaɓen harshe don mai sauraro, amma a tsaya nan. Asma'u tana da gidan ilimi da hukuma a bayanta, ga jajis masu kai waƙoƙinta ƙauyuka. Rosalía ta rubuta da harshen mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba, masu iya karatun kuma suna jin kunyarsa.

Bari in koma kan En las orillas del Sar, don a nan gwanintarta ta kari ta fi fitowa, kuma a nan masu sukar zamaninta suka ce ba ta da kunne. Ƙa'idar ƙirga gaɓa uku ce. Wasali ya haɗu da wasali tsakanin kalmomi biyu, gaɓa ɗaya ce. Ɗango ya ƙare da gaɓar da aka danna, a ƙara ɗaya. Ya ƙare da kalmar da dannawarta ke gaɓa ta uku daga ƙarshe, a rage ɗaya. Gwada da "Dicen que no hablan las plantas, ni las fuentes, ni los pájaros". Rabin farko takwas ne saboda "no ha" sun haɗe. Rabi na biyu tara ne a ido, amma "pájaros" ta sa a rage ɗaya. Takwas da takwas, 16. Al'adar lokacin ita ce a haɗa 11 da 7. Ita sai ta haɗa 8 da 11, ko 8 da 10, ta miƙa ɗango har 16 da 18. Wanda bai raba dogon ɗangon biyu a wurin numfashi ba zai ji kamar zube ne. Sai bayan rasuwarta manyan marubutan Sifaniya irin su Azorín da Unamuno da Juan Ramón Jiménez suka ɗaga ta, sha'iri García Lorca kuma ya yi mata waƙa a cikin waƙoƙi shida na Galisiyanci da ya buga a 1935.

Nura:
Labaran fa? Kowa waƙa yake ambata.

Hajiya Rabi:
Ba su kai waƙoƙin ba, gaskiya, amma biyu sun cancanci lokacinka. La hija del mar na 1859 aikin 'yar shekara 22 ne, ya cika zuzutawa, sai dai gabatarwarsa ta faɗi cewa har yanzu ba a yarda mata su rubuta abin da suke ji da abin da suka sani ba, kuma yanayin gaɓar tekun Muxía ya fito da rai. Flavio na 1861 da Ruinas na 1866 za ka iya jinkirta su. Wanda ya fi shi ne El caballero de las botas azules na 1867: wani baƙon basarake ya bayyana a Madrid da takalma shuɗɗa masu ƙyalli, manyan gari suka rikice a kansa, shi kuwa yana tona asirin zaman banzarsu da shirmen labaran da ake sayarwa kashi-kashi. El primer loco na 1881 gajere ne, a dajin tsohon gidan ibada na Conxo, wurin da ya zama asibitin masu taɓin hankali a 1885. Ka haɗa da 'yar wasiƙar "Las literatas" ta 1866, inda ta kawo ƙorafin cewa mace in ta yi rubutu mai kyau sai a ce mijinta ne ya yi mata.

Malam Bashir:
To wannan mijin, taimako ya yi ko ɓarna? Shi ya kai waƙoƙin Cantares maɗaba'ar Juan Compañel a Vigo, a faɗarsa ma ba da saninta ba, har ta riƙa ƙarasa littafin ana cikin buga shi. Ba don shi ba da wataƙila babu littafin.

Malama Hadiza:
Duka biyun ya yi. Ya tura ta bugawa, ya kuma tsara yadda za a tuna da ita. Kafin ta rasu ta sa 'ya'yanta suka ƙona rubuce-rubucenta da ba a buga ba. Shi kuma kafin rasuwarsa a 1923 ya ƙona yawancin wasiƙun da ta aika masa. Ya rayu shekara 38 bayanta, shi ne shugaban farko na Real Academia Galega, cibiyar kula da harshe da al'adun Galisiya, a 1906, kusan duk abin da aka sani game da halinta ta bakinsa ya biyo. A 1891 aka tono ta daga maƙabartar Adina aka kai ta San Domingos de Bonaval a Santiago, daga nan ta zama kamar waliyyiya, zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco ma bai ga haɗari a mace mai kewar ƙauye ba. An sa hotonta a takardar peseta 500, tsohon kuɗin Sifaniya, filin jirgin saman Santiago ya ɗauki sunanta a 2020.

Don haka mai son karatu ya duba abu uku a bugun da ke hannunsa. Ɗaya, Cantares na 1863 ne ko na 1872 da aka ƙara wa waƙoƙi. Biyu, an bar rubutunta yadda yake ko an daidaita shi da ƙa'idar Galisiyanci ta 1982, domin daidaitawar takan canza adadin gaɓa ta lalata kari. Uku, kuma mafi muhimmanci, En las orillas del Sar na 1884 ne da ta gani da idonta, ko na 1909 da Murguía ya kula da shi, wanda aka cusa wa waƙoƙin da babu su a na farko.

Ummi:
Malama, in bugun bai faɗi wanda ya bi ba fa?

Malama Hadiza:
Duba bayanin mai gyara a farkon littafin, bugu na kirki yakan ware ƙarin 1909 a baya ko ya sa musu alama. In babu bayanin sam, nemi hoton bugun 1884, yana cikin ɗakunan karatu na intanet kyauta tunda haƙƙin mallaka ya daɗe da ƙarewa, ki jera farkon waƙoƙin biyun gefe da gefe. Duk wadda ba ki gani a na 1884 ba, ki sa mata alama da fensir kafin ki fara fassara.